Tashoshi barkatai, masu su ƙalilan: su wa ke riƙe da talabijin ɗin da muke kallo a Jos?

A watan Satumbar 2025 aka kammala wani ciniki da bai tayar da ƙura a majalisun hira na Jos ba, alhali ya shafi kusan duk gidan da ke da dish a kan rufi ko dikoda a gindin talabijin. Kamfanin Canal+ na ƙasar Faransa ya karɓe ragamar MultiChoice, kamfanin Afirka ta Kudu da ya mallaki DStv da GOtv da SuperSport da tashoshin Africa Magic, har da ta Hausa. Mai gidan kallon ƙwallo a Gangare ko Unguwar Rogo bai ga komai ya sauya a allonsa ba. Tambarin dai shi ne, masu sharhin wasa su ne. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke da wuƙa da nama a kan kuɗin da zai biya duk wata, da wasannin da zai samu, da tashar da za a bari ko a cire. Dama Canal+ ne ke riƙe da kasuwar ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, irin su Nijar da Kamaru da Senegal. Yanzu ya haɗa da ta masu Turanci, kuma shi da bakinsa ya ce masu biyan kuɗin kallonsa sun haura miliyan 40 a ƙasashe kusan 70.

Tattaruwar gidajen talabijin a hannun kamfanoni ƙalilan abu ne mai wuyar gani, domin ido akasinsa yake nuna wa mutum. Ka ɗauki rimot ka yi ta latsawa har yatsa ya gaji, tashoshi ba su ƙare ba, sai ka ce ai zaɓi ya yi yawa. Kamar mutum ne ya shiga kasuwa ya ga rumfuna jere reras, kowace da mai tsaronta, ya yi ta zagaye yana neman sauƙi, bai san ubangida ɗaya ne ya zuba wa dukkansu kaya ya kuma yanka farashi ba. Ƙidayar da ta dace a yi ita ce ta masu tashoshin, da kuma ta masu hanyar da tashoshin ke bi su iso ɗakinka. Idan aka yi wannan ƙidayar, yatsun hannu sun isa.

Mu a Jos bai kamata wannan magana ta zama mana baƙuwa ba, don mun taɓa ganin an tattara talabijin a hannu ɗaya. Talabijin ta fara a Najeriya ne a Ibadan a 1959, ƙarƙashin gwamnatin Yamma ta Awolowo. Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna. Tsohuwar jihar Binuwai-Filato, ƙarƙashin gwamna Joseph Gomwalk, ta kafa tata a nan Jos a 1974, kuma ita ce ta fara nuna hoto mai launi a ƙasar nan. Kowane yanki da muryarsa. A 1977 gwamnatin soja ta kafa NTA, ta haɗiye dukkan waɗannan tashoshi ta mayar da su rassa. Daga nan labaran ƙarfe tara na dare suka zama daga Legas suke fitowa, kowa ya kama. Jos ba ta tashi a tutar babu ba: an kafa kwalejin koyar da aikin talabijin ta NTA a Rayfield, kuma garin ya zama matattarar masu shirya wasan kwaikwayo. Amma ikon cewa ga babban labarin yau ya bar hannunta. Sai da tsarin mulkin 1979 ya zo jihohi suka sake samun damar kafa nasu, abin da ya ba Filato PRTV.

A 1992 gwamnatin Babangida ta kafa NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Channels ta John Momoh ta fara aiki a 1995, AIT ta marigayi Raymond Dokpesi a 1996, DITV ta bayyana a Kaduna. Talaka ya fara jin ana yi wa minista tambayar da ma'aikacin gidan gwamnati ba zai kuskura ya yi ba.

Sai dai a duba waɗanda suka iya shiga ta wannan ƙofa. Dokpesi jigo ne a PDP, har ya nemi shugabancin jam'iyyar. Ben Murray-Bruce na Silverbird, wadda ke da reshe a nan Jos, ya zama sanata daga Bayelsa a 2015. TVC an daɗe ana danganta ta da Bola Tinubu, kuma saboda wannan dangantakar ne masu fushi suka banka wa ofishinta na Legas wuta a watan Oktoban 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS. Arise ta Nduka Obaigbena ce, mai jaridar ThisDay. Trust TV da ke Abuja ta kamfanin Media Trust ce, masu Daily Trust da Aminiya. Ba ina cewa waɗannan tashoshi ba sa aikin kirki ba ne. Suna yi, wasu ma'aikatansu ma sun sha duka da barkonon tsohuwa a bakin aiki. Abin lura shi ne hannun da ke riƙe da talabijin sau da yawa shi ke riƙe da jarida da rediyo, kuma yana da kujera a teburin siyasa. Wannan ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa jarida, amma da ya zo kan rediyo da talabijin sai ya ce sai da amincewar shugaban ƙasa. Lasisin da sai shugaban ƙasa ya sa hannu, ga kuɗin lasisi, ga na'urorin da sai da dala, ga dizal na janareta dare da rana: wa zai iya, in ba mai kuɗin da ke da ido a fada ba?

Mutane da yawa suna zaton mai tasha yakan ɗaga waya ne kullum ya ce a faɗi kaza, a bar kaza. Hakan na faruwa, amma ba shi ne ya fi yawa ba, kuma ba shi ne ya fi illa ba. Mai tasha shi ke naɗa shugaban sashen labarai. Shi ke cewa akwai kuɗin man da za a tura wakili Bokkos ko Wase, ko kuwa babu. Shi ke yanke ko za a riƙe ofishi a Jos ko a rufe a bar wa wani yaro mai waya ya riƙa turo hoto. Ɗan jarida kuma ba yaro ba ne. Wanda ya ga abin da ya sami abokin aikinsa da ya taɓo kamfanin maigida, ko gwamnan da ke ba su talla, ba ya buƙatar a kira shi ofis. Da kansa zai ajiye labarin. Mai kallo ba zai taɓa sanin an ajiye ba, domin labarin da ba a yi ba ba ya barin gurbi a allo. Ga kuma al'adar nan da ta zama ruwan dare a gidajen watsa labarai na ƙasar nan, ta karɓar kuɗi kafin a ɗauki taro a sa shi cikin labarai. Mai kuɗi ya sayi minti uku ana nuna bikin naɗin sarautarsa, unguwar da ta yi wata da watanni babu ruwan famfo kuwa ba ta da abin biya.

Wannan ne ya sa maganar ta dame ni a matsayina na ɗan Jos. Garin da ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008, ya ga na 2010, ya san abin da jimla ɗaya a bakin mai karanta labarai za ta iya haifarwa. Ya kuma san raɗaɗin a ba da labarinka daga nesa, a taƙaice shi a layi biyu: Musulmi da Kirista, ko makiyaya da manoma, an kashe kaza, an sa dokar hana fita. Wanda ke zaune a ɗakin labarai a Legas bai san bambancin Nasarawa Gwom da Tudun Wada ba, bai san limamin da ya ɓoye maƙwabtansa ba, bai san faston da ya tare matasan unguwarsa ba. Idan tashoshin da ke ba da labarinmu 'yan kaɗan ne, masu su kuma duk suna can wata duniya, to fuska ɗaya tak ƙasa za ta san mu da ita. Tashar jiha kuma, a kusan kowace jiha ta Najeriya, gwamna ne ke naɗa shugabanta, shi ke biyan albashi, don haka da wuya ta zama wurin da kowane ɓangare zai ji an saurare shi daidai.

Wanda ke son ya ga inda wannan hanya ke kaiwa idan ta yi nisa, ya dubi Amurka. A 1983 wani tsohon ɗan jarida, Ben Bagdikian, ya ƙirga ya ga kamfanoni kusan 50 ne ke riƙe da mafi yawan kafofin labaran ƙasar. Da ya sake ƙirgawa a 2004, sun koma biyar. A tsakanin nan dokar sadarwa ta 1996, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, ta sassauta iyakar abin da kamfani ɗaya zai iya mallaka. Disney ya sayi ABC, Comcast ya sayi tashar NBC ta can, sannan a 2019 Disney ya sake haɗiye babban kaso na kamfanin Fox a kan dala biliyan 71. A ƙananan garuruwa kuwa kamfanoni irin su Sinclair da Nexstar suka bi tashoshin gari-gari suna saye. A 2018 Sinclair ya aika wa tashoshinsa rubutu ɗaya ya ce a karanta. Wasu suka haɗa faifan masu karanta labarai gommai daga garuruwa daban-daban, kowa da fuskar da mutanen garinsa suka sani suka yarda da ita, suna furta kalmomi iri ɗaya sak, kalma bayan kalma. Mai kallo yana zaton ɗan garinsu ne ke masa magana, ashe hedikwata ce.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne girman kamfani ba ya ƙara masa ƙarfin gwiwa a gaban gwamnati, rage masa yake yi. Babban kamfani kullum yana da wata buƙata a gaban hukuma: ciniki da ke jiran amincewa, lasisi da ke jiran sabuntawa. A watan Yulin 2025 Paramount, mai tashar CBS, ya amince ya biya dala miliyan 16 don kashe ƙarar da Donald Trump ya shigar a kan wata hira, a daidai lokacin da yake jiran hukuma ta amince da haɗewarsa da kamfanin Skydance. Ba a jima ba aka amince. A watan Satumba na shekarar, Nexstar, wanda shi ma ke jiran amincewa ya sayi kamfanin Tegna a kan dala biliyan 6.2, ya ce tashoshinsa ba za su nuna shirin ɗan barkwanci Jimmy Kimmel na tashar ABC ba bayan shugaban hukumar sadarwa ya nuna fushinsa da shirin, kuma ABC ta dakatar da shirin na 'yan kwanaki. A Italiya ma an ga Silvio Berlusconi, mai manyan tashoshi uku masu zaman kansu, ya zama firayim minista har sau uku, ya haɗa nasa da tasirin da mulki ya ba shi a kan na gwamnati. A Indiya attajiri Gautam Adani ya saye NDTV a ƙarshen 2022, tashar da aka sani da yi wa gwamnati tambayoyi masu zafi, fitaccen ɗan jaridarta Ravish Kumar ya ajiye aiki.

Sabon ubangidan DStv shi ma yana da tarihi a wannan fage. Iyalan attajiri Vincent Bolloré su ne mafi girman masu hannun jari a Canal+. A 2016 ma'aikatan tashar labarai ta iTélé da ke ƙarƙashinsa sun yi yajin aiki na kwana 31 a kan 'yancin ɗakin labarai, yawancinsu suka bar aiki, tashar ta koma CNews, wadda a yau ta yi suna wajen ba masu ra'ayin tsananta wa baƙi da Musulmi fili.

A ganina, a Najeriya babakeren da ya fi ƙarfi ba a ɗakin labarai yake ba, a bakin ƙofa yake. Kana iya buɗe tasha mai kyau, ka ɗauki ƙwararru, amma in ba ka hau kan DStv ko GOtv ko StarTimes ba, wa zai gan ka a wajen garinku? Kamfanonin da ke kai hoto gida-gida su ne masu gadin ƙofa, kuma manyansu biyu ne: ɗaya yanzu na Faransawa, ɗayan na 'yan China da ya shigo a 2010 cikin haɗin gwiwa da NTA, wato da gwamnatin tarayya kanta. An taɓa samun ɗan gida da ya ja da su. HiTV ta fito a 2007 ta ƙwace haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila, mutane suka yi tururuwar sayen dikodarta. Da haƙƙin ya koma hannun SuperSport, kamfanin bai kai ƙarshen 2011 ba. Darasin da kowa ya ɗauka shi ne wanda ke da ƙwallo shi ke da kasuwa, kuma ƙwallon sai mai dala da yawa.

Mai riƙe da kasuwa haka ba ya tsoron ƙara kuɗi. MultiChoice ya ƙara sau biyu a 2023, ya ƙara a 2024, ya sake ƙarawa a watan Maris na 2025, inda babban tsarin DStv ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Kamfanin yana da hujjarsa, kuma adalci ne a faɗe ta: darajar naira ta faɗi, haƙƙin wasanni da hayar tauraron ɗan'adam da dala ake biya, shi kansa ya yi asarar masu kallo fiye da miliyan ɗaya a Najeriya cikin shekara biyu. Gaskiya ne kuma kuɗin manyan kamfanonin nan sun raya masu shirya finafinai, har da na Hausa, ta hanyar sayen finafinansu. Ƙaramin kamfani ba zai iya abin da suke yi ba. Amma mai shirya fim da ke da masu saye biyu ko uku kacal, ba shi ke faɗin farashi ba, kuma irin labarin da suke so shi zai riƙa shiryawa.

Ƙofa ƙalilan kuma tana da sauƙin rufewa. A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri da ta yi a kan 'yan bindigar daji. A rana guda ta ci tarar MultiChoice da StarTimes da TSTV miliyan biyar-biyar, ba don sun shirya komai ba, sai don shirin BBC a kan 'yan bindigar Zamfara ya bi ta kansu. Saƙon a fili yake: mai ɗauko tasha shi ma zai amsa laifin abin da ta faɗa, don haka ya riƙa tacewa. Daga baya, a 2023, babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da ikon cin tara da kanta, tunda ita ba kotu ba ce. A ƙasar Gini abin ya wuce tara. A ƙarshen 2023 hukumar sadarwar gwamnatin soja ta umarci Canal+ ya sauke wasu tashoshi masu zaman kansu, ciki har da Djoma da Evasion, aka kuma sauke su. Ba a buƙaci tura soja ko ɗaya ɗakin labarai ba, takarda ɗaya zuwa ga mai ƙofa ta wadatar.

Abin takaicin shi ne maganin wannan matsala a nan Jos aka fara gwada shi. Ranar 30 ga Afrilun 2016 aka ƙaddamar da komawa tsarin dijital a wannan gari, kafin Abuja a watan Disamba. Tsarin yana da ma'ana ƙwarai: a raba mai shirya shiri da mai watsa shi, ta yadda ƙaramar tasha ba sai ta gina turke da na'urar watsawa ba, ta biya haya kawai ta hau, mai kallo kuma ya sami tashoshi da dama a akwatin FreeTV ba tare da kuɗin wata-wata ba. Da abin ya tafi yadda aka tsara, da ƙungiyar matasa a Bukuru ko wata jami'a za ta iya samun gurbi. Amma shirin ya yi ta tafiyar hawainiya, jihohi kaɗan ya kai, kuma kamfanoni biyu aka damƙa wa watsawar, ɗaya daga cikinsu daga jikin NTA aka cire shi. Gurbin da gwamnati ta bari, GOtv da StarTimes suka cike.

Wani zai ce ai yanzu kowa wayarsa yake kallo, talabijin ta zama ta tsofaffi. Akwai gaskiya a ciki, kuma YouTube ya ba masu shirya finafinai masu dogon zango na Hausa hanyar da ba su taɓa samu ba. Amma can ma ƙofar ta kamfanoni biyu ko uku ce na Amurka, kuma gardamar da ake yi a Facebook da safe sau da yawa guntun hirar da aka yi a Channels ko Arise ce daren jiya.

Doka ba ta rasa abin cewa ba. Dokar NBC ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, ta kuma sa iyaka a kan yawan tashoshin da mutum ɗaya zai riƙe rinjayen hannun jari a cikinsu. Akwai kuma hukumar FCCPC da aka kafa don hana babakere a kasuwa. Inda ake samun matsala shi ne sanin ainihin mai abu. Sunan da ke kan takardar lasisi sau da yawa na wani kamfani ne da ke cikin wani kamfani, kuma ɗan siyasa ba ya buƙatar jam'iyyarsa ta mallaki tasha idan shi ko ƙaninsa ya mallaka. A 2020 an yi yunƙurin tilasta wa mai haƙƙin wasanni ya sayar wa abokan gasarsa, amma an yi shi cikin gaggawa ta hanyar gyaran kundin NBC, aka yi ta ce-ce-ku-ce, ya ƙare a kotu. Afirka ta Kudu, da cinikin Canal+ ya zo gabanta, ta tsaya a kan dokarta da ta hana baƙo riƙe fiye da kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'a a kamfanin da ke da lasisin watsa shirye-shirye, har sai da aka ware wannan ɓangaren aka bar rinjayensa a hannun 'yan ƙasa.

Mu ma muna da abin da za mu nema, kuma ba mai tsada ba ne. NBC ta wallafa sunayen ainihin mutanen da ke bayan kowane lasisi, da kason kowa, a wurin da ɗan makaranta zai iya dubawa a wayarsa. A cire ba da lasisi daga alƙalamin shugaban ƙasa a mayar da shi ga hukumar da ba shi kaɗai ke naɗa ta ba, wanda ke nufin sai an taɓa sashe na 39, aikin 'yan majalisar da muke turawa Abuja. A wajabta wa duk kamfanin da ke sayar da dikoda a Filato ya ɗauki tashoshin Filato, kuma kada ya sauke wata tasha sai da umarnin kotu. Kwalejin Rayfield da sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Jos suna yaye matasa duk shekara waɗanda suka iya kyamara, suka san kowane lungu na garin nan, suna jin Hausa da Birom da Ngas da Turanci, amma yawancinsu sai sun tafi Abuja ko Legas kafin su sami inda za su yi aikin.